Tokar Ƙarƙashin Taga

Litinin, da hantsi

Tun ranar Juma'a maigidana yana asibiti, ni kuma ga ni da kajinsa. Shekara da shekaru ina ce masa Kafinta, yana ce mini Tela, har yaranmu suka taso suna zaton sunayenmu ke nan. Da za a saka shi a mota, numfashi na fita da ƙyar, bai ce in kula da shagonsa ba, bai ce in kula da kaina ba. Cewa ya yi, “Tela, Gwaggo ta fara kwanci. Riƙe mini su har in dawo.” Na ce to. Me zan ce?

Gwaggo ita ce baƙar kazarsa. Faɗa gare ta, ba ta raga wa kowa, shi ya sa ya laƙaba mata sunan. Ni dai tun farko ba ma shiri da kajin nan. Sun ɓata mini yadi a kan igiya, sun taɓa yi mini kashi a kan keken ɗinki, shi kuma yana dariya har da riƙe ciki.

Jiya likita ya ja ni gefe. Yaro ne mai ladabi, yana magana a hankali. Ya ce, “Mama, in ya dawo gida, ƙirjinsa ba ya son ƙura. Ba hayaƙi, ba garin katako, ba toka. Ko kaɗan.” Ya faɗi wasu abubuwa bayan wannan, ban riƙe su ba. “In ya dawo” ɗin na riƙe, na taho da shi gida.

Talata, bayan la'asar

Auta ta ɗauki hutu daga wurin aikinta ta zo, muka yi wa gidan kwalema. Ita ce ƙaramar 'yarmu, kuma ita ta gado ni wajen tsafta. Muka fitar da katifarsa, muka wanke labule, muka kashe murhun itace na tsakar gida, muka koma kan gas.

Sai tayar nan. Tsohuwar tayar mota ce da ya ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano, daidai gindin tagar ɗakinsa, kullum cike da toka da yashi. Kajin su shiga su yi ta birgima, ƙura ta tashi ta bi taga. Na daɗe ina mita a kanta, sai ya ce, “Bar su, Tela, wanka suke.” Wanka da toka! Yau dai na samu hujja daga bakin likita. Muka kwashe tokar kaf muka zubar a bola, Auta ta gangara tayar bayan banɗaki, na wanke wurin da sabulu har siminti ya fito.

Na shafa yatsa a bakin tagarsa. Ba ƙura. Raina ya yi fari, karon farko tun Juma'a.

Alhamis, da safe

Kajin sun taru a inda tayar take a dā, sun yi cirko-cirko. Fara, wato sagarar nan da ta fara ƙwai bana, ta kwanta a kan siminti tana ta shure-shure, babu abin da ya tashi. Ta miƙe ta tafi.

Maƙwabta suna tambaya ya jikin. Da sauƙi.

Asabar, da rana

Ruwa tun jiya, tsakar gida duk ya jiƙe. Na kai wa Kafinta abinci asibiti, ya ci kaɗan. Sun sa masa robar iska a hanci. Na goge taga.

Litinin, da yamma

Ƙwai ya ragu. Kajin sai susa suke, suna tsattsagar ƙarƙashin fukafukansu, zakaran ma ya daina yi mana ihun da ya saba. Da magariba sun ƙi shiga akurki, sai da na kora su da tsintsiya. Na ce to, ku ma kun fara? Gwaggo na cikin kwandonta a kan ƙwai, ta yi mini kallon hadarin kaji.

Ni ma hannuna na ƙaiƙayi. Na ɗauka sabulun nan ne.

Talata, bayan magariba

Innalillahi. Na je rufe akurki, na haska tocila, na dafa sandar da suke kwana a kai. Da na janye hannuna sai na ga tafin yana motsi. Ƙananan abubuwa kamar garin barkono, jajaye, suna hawa wuyan hannuna. Na murza su da yatsa, jini ne. Na watsar da tocilar na fita da gudu, na yi wanka da ruwan zafi har fatata ta yi ja.

Da na dawo hayyacina na koma na ɗaga Gwaggo. Ba ta ko sare ni ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ta yi shafal, ƙashin ƙirjinta kamar bayan wuƙa. Zankonta da yake ja wur ya koma fari-fari. Ƙwayayen da take kwanci a kai duk ɗigo-ɗigo, abubuwan nan na yawo a kansu. Tana zaune ana shan jininta, ta ƙi tashi.

Amana ɗaya mutumin nan ya ba ni.

Laraba, da azahar

Da sassafe na tafi shagon maganin dabbobi, Fara a cikin kwali. Mai shagon ya kifa ta a gwiwarsa, ya buɗa gashin ƙarƙashin wutsiyarta ya ce in duba. Wasu masu launin dusa suna gudu suna ɓuya, ga wani farin abu ya dunƙule a gindin gashin.

Ya ce, “Baƙi biyu gare ki, Mama. Waɗannan ƙwarƙwata ce, a jikin kaza take kwana take tashi, farin nan kuma ƙwanta ne. Jajayen da kika gani a sanda ƙuma ne. Su da rana ba za ki gan su ba, suna cikin tsagar katako, sai duhu ya yi su fito su sha jini su koma. In kika yi wa kaza magani kika bar akurki, aikin banza kika yi.”

Na ce Auta ta ce in fesa musu maganin sauro. Ya riƙe baki. “Haba Mama! Ki kashe kazar kafin ƙuman su kashe ta? Kada ki fara. Kananzir ma kada ki shafa musu.” Ya ba ni garin magani na jikin kaza da wani na feshin katako, ya ce in ɗaura ƙyalle a hanci, in maimaita bayan mako guda saboda ƙwan da zai ƙyanƙyashe, kuma kada mu ci ƙwansu sai lokacin da aka rubuta a jikin robar ya wuce.

Har na kai bakin ƙofa ya ce, “Suna da wurin birgima dai ko? Toka da yashi, busasshe?”

Na ce a dā suna da shi.

Ya ce, “To, mayar musu. Toka ba za ta kashe na cikin katako ba, amma ita ce sabulunsu. In babu ita, ni da ke za mu yi ta ganin juna.” Ban gaya masa dalili ba. Na ce na gode.

Laraba, da yamma

Bayana kamar zai ɓalle. Na fitar da duk shimfiɗar akurkin na ƙona a waje, nesa da gida. Na zo cire sandunan kwana da guduma, sai na ga ashe babu ƙusa ko ɗaya. Ɗagawa kawai ake yi su fito. Kowane katako ya yi masa gurbi, yana zarewa yana komawa. Ashe saboda irin wannan ranar ya yi shi haka, ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka iyayin kafintoci ne. A cikin gurbin nan ne ƙuman suka yi dandazo, wani toka-toka, wani ja. Na tafasa ruwa na kwarara musu, na goge da burushi, na yi feshi, na bar shi ya sha iska.

Kajin kuma ɗaya bayan ɗaya: ƙarƙashin fiffike, gindin wutsiya, bayan wuya, ina kare musu ido da hannuna. Gwaggo ce ƙarshe. Na goge ƙwayayenta da busasshen ƙyalle, na ƙunsa su a mayafina na manna a cikina don kada su huce, kafin in shirya mata sabon kwali. Ina tsugune da ƙwai a ciki kamar wata uwar kaji, sai na ji dariya ta taso mini, don na san abin da zai ce da ya gan ni. Dariyar ba ta ƙarasa fita a dariya ba.

Ta koma kansu, Alhamdulillahi.

Alhamis, bayan na dawo daga asibiti

Na yi wanka sau biyu, na sa kayan da na goge da dutsen guga mai zafi, don kada in kai masa ko guda ɗaya. Amma cizon ba ya ɓoyuwa. Ina gyara masa matashi ya kama wuyan hannuna ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Ya kajin?”

Na ce, “Da sauƙi.”

Ya ja robar daga hancinsa kaɗan. “Irin nawa sauƙin?”

 Ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefe guda, ya huta, sannan ya ce, “Kin kwashe tokar.” Ba tambaya ba ce. Na ce likita ne ya ce, kuma gaskiyarsa ce, tagarka ce a wurin, in ka dawo da me za ka yi numfashi?

Ya ce, “Mayar musu, Tela.”

Na ce ba zan mayar ba.

Ya ce, “Mayar musu.” A hankali, yana kallona, kamar yadda ake gaya wa yaro abin da ya riga ya sani. Nas ta zo ta mayar masa da robar, ta ce kada a sa shi yawan magana.

Na ji haushinsa, wallahi na ji. Duk hanya ina faɗa da shi a zuci. Wa ya ce masa shi ke yanke wannan? Ni na wanke ɗaki, na wanke labule, sai ya kwanta can ya ce a mayar da toka.

Na goge taga.

Asabar, da safe

Na yi dabara. Na roƙi toka wurin mai gasa burodi na bakin titi, na zuba a tsohon baho na kai can ƙarshen gida, jikin katanga, nesa da ɗakinsa. Kajin suka ruga. Kafin azahar hadari ya haɗo, bahon ya cika da ruwa, toka ta koma taɓo. Na rufe da leda, iska ta yaye. Gidan nan tafin hannu ne, na zagaya shi na sake zagayawa. Wuri ɗaya ne ruwa ba ya taɓawa, ƙarƙashin rumfar nan, gindin tagarsa. Ya san haka tun kafin ya ajiye tayar.

Lahadi

Yayarsa ta zo daga nesa. Ba wanda ya amsa mini cewa shi ne ya kira ta. Da sauƙi.

Litinin, da hantsi

Fara ta mutu. Na same ta a kusurwar akurki, ƙafafu a miƙe. Jinin da suka sha ya yi yawa, maganin bai same ta da wuri ba. Na binne ta a bayan banɗaki, kusa da tayar.

Auta ta same ni ina wanke hannu. Ta ce, “Umma, don Allah mu rabu da kajin nan. Ki dubi yadda kika rame. Baba yana can, ke kina nan kina fama da ƙwarƙwata.”

Na ce, “Ya ce in riƙe masa su har ya dawo.”

 Ta ɗauki bokitin ta je ta ɗebo mini ruwa.

Ban gaya masa zancen Fara ba. Bai tambaya ba, yau barci ya fi yi.

Laraba, da yamma

Na maimaita magani kamar yadda mai shago ya ce. Na sake zare sanduna, na sake tafasa ruwa, na shafe bangon akurki da farar ƙasa har cikin tsagogi. Na koyi shafa farin ƙyalle a ƙarƙashin sanda da sassafe: in ya fito da jan zane, suna nan. Yau zane biyu ne kawai, sirara. Na share dusar da ke zubewa, don tsuntsayen da ke sauka ci su ma suna kawo ƙuman.

Zankon Gwaggo ya fara dawowa. Na kai mata ruwa da tsaki har bakin kwali, ta sare ni a yatsa. Ban taɓa jin daɗin sara irin wannan ba.

Amma sauran suna zuwa gindin taga kullum. Su tsaya, su tona siminti, su tafi.

Alhamis

Sun mayar da shi wani ɗaki, shi kaɗai. Sun ce yanzu ana iya shiga kowane lokaci, ba sai lokacin ziyara ba. Yayarsa ta ce an kyauta mana. Na goge taga.

Juma'a, da la'asar

Da safe na ji ƙaramin kuka a ƙarƙashin Gwaggo. Na ɗaga fiffikenta, ga kai ɗaya jiƙe sharkaf, ga wasu ƙwayayen sun tsage. Auta ta ɗauki kukan a wayarta muka tafi da shi.

Na kara masa wayar a kunne. Na ce, “Kafinta, ka yi baƙi. Gwaggo ta sauka lafiya.” Idonsa a rufe, amma gefen bakin nan ya motsa. Sai yatsunsa suka fara motsi a kan zanin gado, suna ɗan tonawa, suna turawa gefe. Auta ta ce ko wani abu yake nema. Ni na gane. Kaza ce take birgima.

Na ce, “In ka dawo ma yi maganar.”

Yatsun suka tsaya. Na riƙe su.

Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan ba, yau na rubuta.

Asabar

Ba a rufe ƙofar gida ba yau.

Lahadi, da yamma

Takalman masu ta'aziyya a bakin ƙofa har waje. An aro kujeru. Matan unguwa sun sake hura murhun tsakar gida, don gas ba zai ɗauki manyan tukwane ba. Hayaƙi ya cika gidan. Na tashi zan ce a kashe, sai na koma na zauna.

Ba wanda ya tambaye ni ya jikin.

Wata ta ba kajin ruwa, ban san ko wace ce ba, Allah ya saka mata.

Laraba, da hantsi

Mutane sun ragu. An mayar da kujeru, yayarsa ta tafi da safe. Ƙyallen da na shafa a sanda ya fito fari tas.

Girkin kwanakin nan ya bar toka tuli guda a murhu, duk ta itace ce da guntayen katakon shagonsa. Auta ta kwashe ta a bokiti biyu za ta kai bola. Na ce, “Ajiye nan.”

Ta ce, “Me za a yi da ita?”

Na nuna mata gindin taga.

Ta ce, “Umma, ai ƙurar za ta shiga ɗakin Baba, likita fa ya ce...” Sai ta tsaya. Ta sa hannu ta toshe bakinta.

Na ce, “Na sani.”

 Ita ce ta fara motsawa. Ta zagaya bayan banɗaki ta gangaro tayar, ta kwantar da ita daidai inda zagayenta ya bar alama a siminti. Na kawo rariya muka tankaɗe tokar, muka fitar da gawayi da 'yan ƙusoshi, muka haɗa da busasshen yashi kamar yadda na sha ganin yana yi ina harararsa. Muna yi muna kuka, toka na manne mana a fuska, Auta ta dube ni ta ce na koma kamar aljana, na ce ke fa?

Ba mu gama janye hannu ba zakaran ya faɗa ciki. Sai ga Gwaggo ta taho da 'yan tsakinta a baya, ta kore shi da sara ɗaya. Ta kwanta ta gefe, ta tura ƙafa, ta buɗe fiffike ta watsa toka har bayanta, ta juya ta sake. Ƙananan suka tsaya a bakin taya suna kallo. Ɗaya ya faɗa ciki ya fito fari fat.

Na shiga ɗakinsa na buɗe tagar gaba ɗaya, na zauna a bakin gado. Daga nan ana ganin komai. Ashe shi ya sa ya ja gadon zuwa wannan bangon.

Laraba, bayan la'asar

Na shafa yatsa a bakin taga, ya fito da toka. Ƙyallen gogewa na rataye a ƙofa. Na bar shi a nan, na je na ba su ruwa.